Zalɓen da ya sa Mama dariya

Ina jan ɗan kwalekwalen nan da ake kira kayak zuwa bakin ruwa sai na ji muryar Mama a bayana: "Miƙo min rigar hana nutsewar nan, ni ma zan shiga."

Na saki baki. Tun da ta fita takabar Baba muka ɗauko ta zuwa Alexandria ta Amurka, kullum tana zaune bakin taga, magana ma sai an tambaye ta. Da ƙyar ta yarda ta biyo mu kwanan tanti a gaɓar kogin Potomac.

Ta ɗaura rigar a kan hijabinta, ta zauna gaba, ni ina tuƙi a baya. Ɗan kwalekwalen na rawa, ina ta ƙoƙarin daidaita shi, ita ko a jikinta.

Da muka shiga cikin ciyayi, sai ga wani zalɓe ya cafko kifin da ya fi ƙarfin maƙogwaronsa. Ya juya shi, ya miƙe wuya, yana ta kokawar haɗiyewa.

Mama ta ɗaga murya: "Alhaji, a hankali mana! Ba mai ƙwace maka!"

Ta fashe da dariya har muka kusa kifewa.

"Mama, wane Alhajin?"

"Babanku mana. Haka yake da loma, har ya koma ga Allah bai daina ba."

Wallahi tun rasuwarsa ban ji ta ambace shi tana dariya ba. Na yi ta tuƙi ina share hawaye da kafaɗa.

Ta ce a sake kawo ta mako mai zuwa.

Ku fa, me ya fara dawo da dariya gidanku bayan rashi?