Filashin Ɗin da Ya Kai Ni Maradun

Tashi daga Mafara

Ana sallame sallar asuba na rataya jaka na fita, ko kunun da matata Rabi ta dama ban tsaya na sha ba. Tana biye da ni har zaure tana cewa, "Ka ga abin da rowa ta ja maka. Da ka kira bawan Allah tun ranar, da yanzu kana kwance."

Ni ne Garba mai shagon waya a bakin kasuwar Talata Mafara. A shekarun da duniya ke kwance, in manoma suka sayar da shinkafa, sai na riƙa cin abinci a tsaye saboda ciniki. Yanzu kuwa ƙuda ma in ya shigo shagon, tashi nake in yi masa maraba, in tambaye shi wace iri yake so. Manyan wayoyin nan na shafawa sun daɗe a cikin gilashi har mun saba, ina yi musu sallama da safe. Katin kira ma ba a saye sai ya zama dole, shi ya sa filashin ya dawo da ƙarfinsa: mutum ya buga maka, ta yi ƙara sau ɗaya, ya katse, kai kuma ka kira da kuɗinka.

To, taubashina Sanda na Birnin Tudu, ɗan ƙanwar babana, shi ya yi mini filashin a makon jiya. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake ce masa bawana. Na dubi wayar na ce yau bawa ke aiken ubangida? Na ƙyale shi. Washegari ya sake. Rana ta uku ya sake, na ce bari in gama da wani mai tayin caja tukuna. Da na zo na kira, layi a kashe. Na kira da yamma, a kashe. Haka aka yi ta yi har kwanaki. Duk wanda ke zaune a yankinmu ya san abin da ke zuwa ran mutum idan wayar ɗan'uwa ta yi shiru. Barkwanci ya fita kaina. Na zuba ƙananan wayoyi masu tocila a jaka, na ɗora manya biyu a kai ko Allah zai kawo mai rabo a hanya, na nufi tasha.

Hanyar Bakura

Motar da na samu, ina jin ta girme ni. Mu huɗu a baya, da buhun albasa da ya fi kowa samun wuri. Kuɗin da direba ya karɓa, da kati na saya da su, da ni da Sanda mun yi hira har mun gaji da juna.

Direban, wani dogo mai suna Mamman, ya ɗaure wayarsa da kyauron roba kamar dammin gero. Na ce, "Direba, wagga waya ai ta cancanci hutu. Ina da sabuwa cikin jaka."

Ya ce, "Alhaji, tana ba da mai?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ni yanzu abin da ba ya zuba cikin tanki ko cikin tukunya, ban ganin shi."

A shingen jami'an tsaro aka ce in buɗe jaka. Jami'in ya ɗaga babbar waya ɗaya, ya juya ta, ya tambayi kuɗinta. Da na faɗa, ya mayar da ita a hankali kamar ya ɗauki ƙwan wani, ya ce mu tafi Allah ya kiyaye.

Bakura

Hantsi bai yi zafi ba muka sauka. Na karya da masa da miya a bakin tasha, sannan na leƙa rumfar Isa mai gyaran waya, wanda na sani tun yana saro kaya a wurina. Jama'a, ku zo ku ga layi! Ka ce asibiti ne ranar kasuwa. Wannan gilashi ya fashe, waccan ba ta jin magana, wata tsohuwa ta kawo tata a ƙulle cikin gefen zane tana cewa a taimaka mata, numfashinta sama-sama. Isa ya yi ƙiba, wuyansa har ya ninka. Wato abin da ya rame ni shi ya ƙosar da shi.

Muna cikin gaisawa idona ya faɗa kan wata babbar waya a tebur, bayanta da tabon ƙuna. Nan take na gane ta. Ni na sayar wa Sanda ita, kuma a gabana ya ajiye ta kusa da murhun mai shayi ta sami wannan tabo.

Na ce, "Isa, wa ya kawo wagga?"

Ya ce, "Mai ita."

"Da ƙahwahunai ya zaka? Lahiya lau?"

"Lahiya tai ƙalau, har da tsiya. Ya ce injin ban-ruwa na son mai, shinkafa na son taki, ita ko wagga data takan sha ba ta haihuwa. Ya saishe ta, ya cire layinai ya tahi."

Na sauke wata ajiyar zuciya da ta kusa kwashe rumfar. Amma Isa ya ce an kwana biyu da yin haka, tun kafin filashin ɗin. To da wace waya ya buga mini? Kuma me yake nema? Kafin in bar rumfar, mutanen da Isa ya ce wa tasu ta riga mu gidan gaskiya sun sayi masu tocila har na ji jakar ta yi sauƙi. Manyan biyu kuwa ko kallon arziki ba su samu ba.

Birnin Tudu

Na hau mashin bayan azahar. Gonakin shinkafa shar a dama da hagu, amma ni ramuka nake kallo, domin ɗan acaɓan yana kashe inji a kowace gangara don ya yi tsimin mai, mu gangara da ikon Allah.

Na tarar da gidan Sanda a rufe. Maƙwabcinsa Malam Bube, wani dattijon Bafillace mai shanu da gona, yana zaune a gindin bedi, wato darbejiya. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da kasuwa da gajiya da iyali, ni kuwa ina ta leƙen ƙofar Sanda. Da ƙyar na sami gaɓar da na ce, "Malam, ina Sanda?"

Ya ce, "Kai ne Garba da ba ya kira?"

Ashe sunana ya riga ni zuwa.

Maimakon ya amsa, sai ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar takarda daga naɗin ciki, ya warware. Layin waya ne. Ya ce rabin magidantan unguwar haka suke yanzu, an sayar da waya, an bar layi a hula. Mai shayin bakin masallaci ke da 'yar ƙarama guda. In kana da buƙata sai ka ara, ka sa layinka, ka yi filashin, ka tsaya. In an kira ka, madalla. In ba a kira ba kafin na bayanka ya fara gyaran murya, sai ka cire layinka ka mayar hula.

Ya ce, "Kwana ukku Sanda na tsaye nan yana kallon wayar kamar mai jiran wata. Ya ce ubangijin bawa shi ka kira, amma nashi ubangidan talauci ya kama shi."

Wato duk kiran da na yi ta yi, hular Sanda nake kira.

Na ce to yanzu ina yake? Ya ce sun tafi Maradun shi da iyali, wurin ɗansa Nasiru. Alheri ne, amma Sanda ya rantsar da shi kada ya faɗa mini. Abin da kawai ya yarda ya ce shi ne, in rana ta ɗaga gobe ban isa ba, Sanda ya ce ya fasa, kuma zan yi da-na-sani har in tsufa.

Na miƙe zan kama hanya, Malam Bube ya riƙe mini riga. La'asar ta yi, kuma ba mai hankalin da ke bin hanya da yamma. A zaurensa na kwana. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu, aka biyo da fura da nono mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki da kansa. Rabon da in ci irin wannan tun ana sayen waya da kwali.

Maradun

Da asuba ƙanen Malam Bube ya kai ni bakin titi a mashin. Dole sai an koma ta Mafara kafin a ɗauki hanyar Maradun, don haka na wuce ta gaban shagona ina sunkuyar da kai, kada manyan wayoyi su gan ni su sa rai. Motar Maradun ta ƙi cika. Ina kallon gabas tana ja, sai ni Garba, da na ƙi sayen katin kira, na biya kuɗin kujerar mutum biyu da ba su zo ba don a tashi.

Muka isa rana na leƙowa. Tun daga nesa na hango taro a ƙofar gidan surukan Nasiru, tabarmi a shimfiɗe, ana raba goro da dabino, ga rago a ɗaure. Suna ne. Sanda na tsaye a gefen liman. Yana hango ni ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a yi, ga marowacin nan ya iso!"

Ban gama cire takalmi ba aka yi fatiha, aka ce sunan yaro Abubakar. Sunana na yanka. Jikan Sanda na fari.

 Na zauna a tabarma ina ta gyara hula, ina cewa hayaƙin masu tuyar masa ne ya shiga idona.

Sanda ya zauna kusa da ni ya ce, "Da ba ka zaka ba, da sunan mai shayi za mu sa mai, shi aƙalla yana ba da aron waya."

Na ce, "Bawa, ashe kana ƙaunata haka?"

Ya ce, "Ƙauna mi? So nikai in samu Garban da zan aika ya tahi da gudu. In yi kira ya amsa tun na hwarko."

Taro ya kwashe da dariya, har liman. Na laluba jaka na ciro mai tocila guda da na ɓoye tun Bakura, na ce ya ciro layin nan daga hula kafin zufa ta kashe shi. Ya sa, ta kawo haske, ya juya ta ya ce ba laifi, amma ina kati? Na ce nan fa ɗaya, ubangida ma yana da iyaka.

Komawa gida

Bayan mun ci naman suna na kamo hanya, na iso Mafara kafin la'asar, da ƙunshin masa da cinyar rago, da manyan wayoyina biyu da suka sha iska suka dawo lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Bube da tuwonsa, da Isa, da Mamman direba, Allah ya cika masa tanki.

Ina cikin ba Rabi labari wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Sanda ne. Rabi ta zuba mini ido. Kafin hasken wayar ya ɗauke na kira.

Na ce, "Lahiya?"

Ya ce, "Lahiya lau. Garba ne ya yi man hitsari ga riga, na ce bari in kai ƙara wurin babban. Kada ka kashe, ga Nasiru zai gaishe ka, sannan ga uwar yaro, sannan ga liman."