Tulun da Sugra Ta Hana Baƙo

Ruwan rijiyoyin garin Bikaner gishiri ne da shi; in aka dama launi da shi, sai zane ya dusashe tun kafin ya bushe. Saboda haka, tun ranar da Sugra ta auri Kadir Baksh mai zane, tanadin ruwan sama ya zama aikinta. Kowace damina takan bar ruwan farko ya wanke rufin ɗaki, ta tari na biyu, ta tace, ta liƙe bakin tulunan da yumɓu. Kadir ne ke riƙe da alkalamin gashin kurege, amma babu launin da ya taɓa hawa takardarsa bai bi ta hannunta ba.

A shekarar babban fari, tulu ɗaya ya rage, shi ma rabi, ga zanen damina da Kadir ke yi bai ƙare ba. Ana cikin haka sai ga wanta Mangu, makiyayin raƙuma, ya ratso hamada, leɓɓansa a tsage. Baƙo irin wannan ba a tararsa da ruwan rijiya. Sugra ta dubi tulun, ta daɗe, sannan ta ɗebo masa na rijiyar.

Ya kurɓa, ya tofar. "Wannan ko raƙumina sai ya yi ƙarata! Wancan tulun fa, na aljanun gidan ne?"

"Na maigida ne, Yaya. Na aiki ne."

"To, takarda ta fi ni ƙishi ke nan. Ki gaishe ta." Ya miƙe zai tafi.

Ta riƙe gefen rigarsa. "Zo ka gan ta tukuna, sai ka yi fushin da hujja."

Takardar ba ta wuce tafin hannu ba. A cikinta hadari ya taso baƙi wuluk, walƙiya ta zinariya ta keta shi, ɗawisu ya ɗaga wuya. Kowane ɗigon ruwa da silin gashi guda aka ja shi, kuma babu biyu da suka yi kama. Mangu ya durƙusa. Ya kai hancinsa kusa, yana neman ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan ya ɗauke numfashi don kada ya kore hadarin.

"Suruki," ya ce da Kadir a hankali, "saura nawa?"

"Gefen nan ne bai samu ruwa ba."

"To, me kake jira? Ka sakar masa ruwan mana!"

Ya sauke jakarsa, ya zauna a gefen tabarmar Kadir.