Ranar da Na Shanya Akwatunan Maigida

Ni ba mai fita ba ce, duk wanda ya san ni ya san haka. In ka ga ƙafata a waje to biki ne ko rasuwa, can ɗin ma hankalina yana gida wajen tukunyata. Karatun boko aji huɗu na yi aka cire ni. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Abin da aka faɗa a gabana, ko ina tsakiyar tankaɗe ne, yana nan a kaina kamar hatsi a rumbu.

Maigidana malamin gona ne. Tun muna Tsafe, farkon aurenmu, na tarar da shi da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni kunya. Babban mutum da gemunsa, sai ka hango shi a bakin gona da yankin gidan sauro ɗaure a bakin gora, yana bin malam-buɗe-littafi da gudu. Matan unguwa in sun shigo sai su ce, "Amarya, yau me ango ya kamo mana na miya?" Ni dai in sunkuyar da kai.

In ya kamo, yana da wata kwalba mai auduga da yake jefa su ciki har su daina motsi. Sai ya ɗora a kan wani katako mai kwari a tsakiya, ya soke da doguwar allura, ya buɗe fukafukan a hankali ya danne da siririyar takarda. Bayan mako biyu sun bushe, ya jera su a akwatin katako mai murfin gilashi, kowanne da 'yar takarda a ƙasansa: sunansa, inda aka kama shi, da ranar. A kusurwa ya sa kafur. Yana aikin yana magana, ba da ni ba, da kansa. Wai na rana ƙahonsu yana da ɗan kai a ƙarshe kamar ashana, in sun sauka su rufe fukafukai a tsaye. Na dare kuma jikinsu kauri ne da gashi, su kan kwantar da nasu kamar rufin ɗaki. Wannan tsutsarsa ganyen lemo take ci, wancan sai tumfafiya. Ina gefe ina gyaran wake, ban taɓa ce masa ina ji ba.

Da ya bar aiki muka dawo Sabon Gari a Gusau da akwati tara. 'Ya'ya duk sun yi gidajensu, daga ni sai shi sai kaji. Shekararmu ta uku a nan ciwon ɓarin jiki ya same shi, hannun dama ya saki, maganar ma ta yi nauyi. Likita ya ce hannun zai iya dawowa, amma fa sai an motsa yatsun kullum safe da yamma, in an bar su za su sandare ke nan. Muka kama. Abin da ya fi sa shi ƙoƙari shi ne akwatunan nan. Da la'asar in ɗora masa ɗaya a cinya, ya riƙa jan yatsa a kan gilashin yana nuna su ɗai-ɗai. Wanda ya fi daɗewa a kansa wani ƙaton na dare ne, baƙi-baƙi da ruwan ɗorawa a ciki, a gadon bayansa akwai zane kamar ƙoƙon kan mutum. A gonar riɗin mahaifinsa a Furfuri ya same shi, shekarar ƙarshe da suka yi noma tare. Shi ɗaya ya taɓa kamawa.

To, daminar ta zo da ruwa ba ƙaƙƙautawa, kwana da kwanaki ba rana. Wata safiya na buɗe ɗakin da akwatunan suke na ji warin funfuna. Ni kuwa abin da Innata ta koya min ke nan: duk abin da ya yi funfuna, zane ne ko daddawa ko kuka, rana ce maganinsa. Ranar ta fito tarwai. Maigida yana barci. Na ce bari in yi abin kirki ya tashi ya gani. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jero akwatunan, na buɗe gilashin uku daga ciki don iska ta shiga da kyau, na koma madafa.

Kukan kazar nan na ji, irin wanda take yi in ta samu abinci tana kiran 'ya'yanta. Wallahi tun kafin in juyo na san abin da ya faru. Na fito da muciya a hannu. Akwatin na dare ta fara da shi, da yake su ne masu tsoka. Allurai a tsaye, takardun suna nan, fukafukai kuwa iska tana yawo da su a tsakar gida kamar ƙaiƙayi. Mai ƙoƙon kan nan ko ƙafarsa ba ta bari ba.

Ban ɓoye ba. Na kai masa akwatin na durƙusa na ce, "Malam, na yi ɓarna." Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Da ya yi faɗa da na ji daɗi. Sai kawai ya ce, "Ki kai sauran murhu," ya juya fuska bango.

Ban kai ba, na ɗora su saman sif. Amma daga ranar ya daina miƙo hannun. In na kama yatsun sai ya janye da na hagu ya ce in bar shi ya huta. Mako ɗaya, mako biyu, ina kallon yatsun suna lanƙwashewa zuwa cikin tafi. Kazar na yanka ta, ya ƙi cin naman.

Ana haka ƙanwarsa ta zo daga Furfuri duba shi. Ita da ni wasa muke tun ina amarya, ba ta raga min, ba na raga mata. Ta fito daga ɗakinsa ta same ni a madafa.

"Matar yaya, ashe ke kaji kika yi ma walima? Mu ko tayi babu."

"Ki bar ni da abin da ya ishe ni," na ce. "Har yanzu kuna shuka riɗi a gonar Baba?"

"Awo. Mi za ki yi da riɗi, kantu?"

"Tsutsa nake so."

Ta ajiye kofin ruwan da take sha. "Tsutsa? Lalle abin yaya ya kama ki. Dama an ce zama da maɗaukin kanwa."

Na zayyana mata tsutsar mai ƙoƙon kan nan kamar yadda na ji Maigida yana faɗa shekaru da yawa da suka wuce: ƙatuwa ce, ta kai babban yatsa kauri, ruwan ɗorawa ko koriya, da zane a karkace a gefenta, ga ɗan ƙaho a wutsiya a lanƙwashe. In an taɓa ta tana yin ƙas-ƙas da baki. Ta ce ai sun san ta, kashe ta suke yi don cin ganye. Na roƙe ta da girman Allah ta kawo min da rai, da ganyen da ta same ta a kai, kuma kada yayanta ya ji.

Kwana biyar sai ga ta a kan babur ɗin haya, da kwanon sha a rufe cikin ɗankwali. "Ga amaryarki nan," ta ce. "Mai babur ya tambaye ni ko fura ce, na ce mai ta masu ciwon kai ce." Guda biyu ta samo. Ɗaya ta mutu washegari, zafin hanya ya dafa ta. Ɗayar na sa ta a tsohuwar tukunyar ƙasa a bayan madafa na rufe da rariya. Da riɗin ya ƙare na gwada mata ganyen gautan da ke gindin randa, don na tuna ya ce tana ci. Ta ci kuwa, ci na fitar hankali. In gida ya yi shiru har ƙarar taunarta nake ji.

Rannan sai ta daina ci. Launinta ya dushe, ta kama zagaye tukunya kamar mai neman hanyar fita. Na ce shi ke nan ita ma tafiya za ta yi. Na zauna a kan turmi ina ta jujjuya maganganunsa a kaina, sai na jiyo muryarsa tun ta Tsafe: "Wannan ba ta saƙa gida a reshe, ƙasa take shiga." Na ɗebo ƙasa mai laushi na zuba kusan rabin tukunya. Kafin in idar da sallar azahar ta nutse. Na kafa karan dawa a ciki, don ya taɓa cewa in sun fito ba su sami abin hawa sun rataye ba, fukafukan a cukurkuɗe za su bushe.

Sai jira. Ban san kwana nawa ba ne, wannan bai taɓa faɗa a gabana ba. Kullum in yayyafa ruwa kaɗan da yatsu, in leƙa, ƙasa shiru. Sau biyu na kai hannu zan tona in gani, na tuna abin da karambanina ya jawo, na janye. Shi kuwa yana ɗaki, abinci sai na yi da gaske. Wata guda ya wuce har na fara cewa ta ruɓe.

Wata safiya ina dama koko na ji tsiii, tsiii, daga bayan madafa. Na ce ɓera. Na sake saurarawa. Ɓera ba ya kuka a shaƙe haka, kamar ana hura busasshen kara. Na zagaya, sai ga kyanwar maƙwabta tana taɓa rariyar da hannu. Na kore ta na ɗaga. Yana rataye a jikin karan, fukafukai a kwance lafiya lau, ga ƙoƙon kan nan a bayansa yana kallona. Maigida ya sha faɗa cewa wannan yana kuka in an dame shi, ni a zuciyata ina cewa ƙari ne irin na masu son abu.

Na rungumi tukunyar har ɗaki na dire a gaban gado. Fuskarsa tana bango. Na ɗan taɓa karan. Tsiii.

Ya juyo da sauri irin wanda rabon da in gani tun kafin ciwon. Ya dubi tukunya, ya dube ni. Na kai hannu zan kamo masa ta fiffike.

"Ke! Ba nan ba!" ya ce. "Za ki goge masa gari. Ina kika samo shi?"

"Furfuri, gonar Baba. Tun yana tsutsa."

"Wa ya ce ki sa ƙasa?"

"Kai."

"Yaushe?"

"A Tsafe, ranar da akuyar liman ta cinye maka ragar kamu."

Ya yi wata dariya da rabin baki, hawaye na bin ɗayan gefen. Ya ce in sauko da kwalba da katako. Da zan jefa shi kwalbar sai da na ji wani iri, fiye da wata guda ina renon abu. Na yi bisimilla na rufe ido.

Da hantsi muka zauna aikin. Ni na soke allurar inda ya nuna, amma buɗe fiffike aikin hannu biyu ne: ɗaya yana ja da bakin allura, ɗaya yana danne takarda. Na ja na kusa yagawa. Ya ce, "Kauce, za ki ƙara ɓarna." Ya karɓi allurar da hagu. Sai ya tsaya yana kallon hannun daman da ke kwance a cinyarsa. Ban taimaka ba, na yi kamar ina neman wani abu a ƙasa. Da na ɗago, ya ɗora shi a kan katakon, yatsa ɗaya ya miƙe da ƙyar ya danne takardar. Gumi yana ɗiga daga goshinsa. Aikin da yake gamawa kafin shayi ya huce, ranar sai da aka kira azahar. Fiffiken hagu ya ɗan fi na dama hawa sama, har yau haka yake.

Da yamma shi da kansa ya miƙo min hannun ya ce, "Ja su, sun yi tsami."

Bayan mako biyu aka zo rubuta takarda, yatsun ba su kai riƙe biro ba tukuna. Ya ce in rubuta. Na ce ni da sunayen nan naku masu karya haƙori? Ya ce in sa abin da na sani, sunan zai ƙara da kansa in hannu ya yarda. Na rubuta da rubutuna na aji huɗu, harafi yana hawa kan harafi: an haife shi Furfuri, ya tashi Sabon Gari. Na bar masa layi ɗaya a sama.

Sai bayan sallar layya ya cike layin. Rubutun a karkace yake, amma ana karantawa. Yanzu tukwane huɗu ne a bayan madafa, na dasa lemo da tumfafiya a jikin katanga, akwatin na dare ya kusa rabi. Funfuna kuma na koyi maganinta: kafur, da ɗaga akwatin daga ƙasa, da barin gilashi a rufe. Ƙanwarsa ta zo shekaranjiya da wani kwanon, tun daga zaure take kira, "Matar yaya, a ɗaure kaji, ga baƙi na kawo!"