Kaset ɗin Kawu Sale

Aikina yanzu a Kano shi ne zama gaban kwamfuta ina duba abin da mutane ke saurare a wayoyinsu: wace waƙa suka kunna, wace suka tsallake, wace suka maimaita. Sannan in rubuta wa oga cewa ga abin da suke so. Wallahi na gaji da kalmar nan ta "so". Duk sanda na rubuta ta sai Kaka ta faɗo mini a rai.

A Ɗanzomo muka tashi, a shekarun casa'in. Bayan magariba, in an kwashe tuwo, mukan kewaye murhu tun garwashi bai mutu ba. Amma kafin tatsuniya sai Kaka ta kunna rakodar Kawu Sale, autanta, wanda ya bi babbar mota daga Maigatari ya shiga Nijar, shiru har yau. Kaset ɗaya, waƙa ɗaya ta wani mai gurmi. Batir ya yi sanyi, a shanya shi a rana, a mayar. Kaset ɗin ma ba lafiyayye ba ne. A tsakiya waƙar takan yanke, a ji wani gunguni ƙasa-ƙasa, Kaka ta kai kunne jikin rakodar, mu kuwa mu ƙosa a wuce wurin.

Ran nan yayata Hinde ta ce, "Kai, Kaka, kina son waƙar nan!"

Kaka ta harare ta. "Ji uwar iyayi. Ku matso, ga wata nan ta iso."

Muka ce ta shigo mu ji ta.

Wai wani makaɗi ne da ba ya tambayar kowa komai. Sai ya laɓe a bayan danga yana sauraron abin da mata ke rerawa a bakin turmi. Gida-gida ya bi, ya ji waƙa ɗaya ce. Ya ce shi ke nan, na kama garin. Ranar biki ya tsaya tsakar fili ya saki waƙar. Mata suka ɗora hannu a ka, taro ya watse da kuka. Ashe da ita suka raka mazajensu shekarar yunwa, kuma ba wanda ya dawo.

"Kunne gare shi, baki ne babu," in ji Kaka. "Da ya tambaya, ai da an gaya masa." Muka yi ta dariyar makaɗi.

Sai bayan rasuwar Kaka Innarmu ta gaya mini. Kawu Sale ne ya taɓa danna jan maɓalli bisa kuskure, rakodar ta ɗauki muryarsa. Gungunin nan shi ne yake cewa, "Inna, da sauran fura?" Kaka kuwa ko son gurmi ba ta yi.

Jiya oga ya nuna mini wata waya a wajen Gumel da ke ta maimaita tsohuwar waƙa ɗaya. Ya ce, "Rubuta mai ita yana sonta, a tura masa irinta."

Na rubuta, tunda aikina ne. Amma Kaka ta faɗo mini a rai. Da wayar Kaka ce, da mun cika mata kunne da gurmi, ba Sale a ciki ko ɗaya.