Karen Baffa Juli

Na yi shekaru da yawa a aikin dabbobi, ranaku da dama sun shige mini, amma ranar da aka aike ni bayan garin Toranke har yau ba ta bar raina ba.

Shekarar da aka sauya kuɗi aka koma naira ce, da bazara, farin nan da ya ƙarar da shanu yana kan ganiyarsa. Ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin dabbobi na Gaya, kuma a lokacin duk ƙasar Ajingi daga nan muke kula da ita. Sama da ni akwai malamin dabbobi, sama da shi akwai likita da ke zaune a Kano, sai mu yi watanni ba mu sa shi a ido ba. Aikina na asali riƙe shanu ne lokacin allura. Amma da Malam Ɗanjuma, wani tsohon soja da ke riƙe da bindigar ofis, ya ajiye aiki, sai aka ɗora mini nasa. Duk inda aka ce kare ya haukace, ni ake turawa.

Aiki ne na mutum ɗaya. Iyalina suna Kano wajen iyayena, ni kuma ina wani ɗaki a bayan ofis. In na shiga ƙauye da bindiga ɗaure a keke, sai a yi ta barka da zuwa. In na gama, kowa sai ya tuna yana da abin yi a gida. Ba ƙiyayya ba ce. Wanda ya taɓa gawar mahaukacin kare ba a rububin ba shi hannu. Sunana Isyaku, amma daga Balan har Gafasa, Mai Karnuka ake ce mini.

Bari in yi muku bayanin bindigar, don wasunku ba su taɓa riƙe irinta ba. Mai baki biyu ce, kuma ba dunƙulen harsashi guda take fitarwa kamar ta soja ba. Kowane kwanso cike yake da ƙwayoyin darma. Akwai mai ƙanana kamar gero, na tsuntsaye ne. Akwai mai manya, tara a ciki, kowace kamar ƙaramar gujiya, shi ne namu. In ka harba, a dunƙule suke fita, suna tafiya suna buɗewa. Bakin dama a sake yake, yana saurin watsa su. Na hagu an matse shi daga can ƙarshe don ya riƙe su a haɗe su yi nisa. Kowane baki da kunamarsa, ta gaba ta dama, ta baya ta hagu.

Kafin Malam Ɗanjuma ya miƙa mini ita, ya kai ni wani kango a bayan gari muka yi ta harbin bango. Daga kusa, kamar tsawon ɗaki, duka taran suka shiga wurin da tafin hannu zai rufe. Muka ja baya, suka buɗe kamar faifai. Muka ƙara ja har inda sai ka ɗaga murya a ji ka, bakin dama ya watsa su fiye da faɗin ƙofar zaure, har kare zai iya tsayawa a tsakiya ba wadda ta taɓa shi. Na ce to ai bakin hagu ya raba gardama. Ya ce in gwada. Na hagun ya tara yawancinsu wuri guda, amma kusan kowane harbi sai ɗaya ta ƙwace ta yi gefe, wani sa'in sama, wani sa'in dama. Ya ce manyan ƙwayoyi in aka matse su sukan gogi juna su lotse, wadda ta lotse kuwa ba ta bin hanya.

"Wannan ɗayar," in ji shi, "ita ce ba ka san gidan wa za ta ba. Kowace bindiga da halinta. Ka san halin taka."

To, ran nan da hantsi saƙon dagacin Toranke ya iso. Malamin dabbobi ya kira ni, ya ba ni harsashi da safar hannu da gwangwani mai murfi.

"Isyaku, ka san ƙa'ida. Kada ka taɓa kai, ana son ƙwaƙwalwar a ɗakin bincike. Ƙirji za ka nema."

"To, ranka ya daɗe."

Na hau keke, ban isa ba sai bayan azahar.

Ba a cikin gari abin yake ba, a wata ruga ce can bayan gonaki. Ta wani dattijo ce, Baffa Juli. 'Ya'yansa sun kora garke sun yi kudu saboda fari, shi ƙafa ba ta ba shi ba, matarsa kuma ta rasu tun bara. Suka bar masa shanun tatsa biyu da maruƙa uku, sai wani baƙin kare da yake kira Duna. Makonni kafin nan wani mahaukacin dila ya faɗo rugar zai kama maraƙi, Duna ya tare shi ya kashe shi, amma ya samu cizo a wuya. Yanzu ya daina cin abinci, yana cizon itace, yawu yana zuba, haushinsa ma ya sauya. Dattijon ya ɗaure shi, da safen nan ya tsinke igiya ya kutsa cikin shingen ƙayar da maruƙan suke, ya kwanta a tsakaninsu.

Mutanen gari sun taru can nesa a ƙarƙashin wata tsamiya, da sanduna da fartanyu. Na gaishe da dagaci, ya nuna mini da baki.

"Malam Isyaku, ga shi can, daga nan ma ana hango shi. Harbe shi mu huta."

Na duba tazarar. Irin ta ƙarshen nan ce da muka gwada a kango. Baƙin abu ne kawai a ƙasa, ƙafafun maruƙa suna gilmawa ta gabansa.

"Ranka ya daɗe, in na harba daga nan maruƙan zan samu. Shi kuwa wataƙila ɗaya ta same shi a cinya, ya fito a guje, kuma gari zai nufa."

Wani daga baya ya ce, "Ba an ce tana da bakin nisa ba?"

"Tana da shi. Amma yakan jefar da ɗaya gefe, ban kuwa san wa za ta samu ba."

Dagaci ya ce, "To yaya za a yi?"

"Sai na matsa kusa. Kuma sai an fito da shi daga cikin maruƙan."

Kowa ya hau kallon ƙasa. Sai a lokacin na lura da wani siririn tsoho tsugune shi kaɗai, nesa da taron, ya rungume sandarsa, ashe Baffa Juli ne. Ya dogara ya miƙe.

"Ni zan kira shi."

"Baffa, ba lallai ya gane ka ba. Ciwon nan ba ya barin sani."

"In bai gane ni ba, ai kana nan, ɗana."

Na sa mutane suka koma bayana gaba ɗaya. Na zaga na zaɓi wurin da in karen ya fito ya nufo mu, babu komai a bayansa sai wani babban suri da gona fayau. Na sa harsashi a baki biyun. Na ce wa dattijon ya tsaya a hagun ɗina, kada ya kuskura ya wuce kafaɗata, duk abin da zai gani. Muka taka a hankali mu biyu. Da muka yi nisa da tsamiyar nan sai na daina jin komai, sai numfashinsa da ƙarar takalmina a kan busasshen kara.

Ya yi fito sau biyu, sannan ya kira sunan, ya haɗa da wasu kalmomi da Fulatanci. Karen ya ɗago kai. Ya miƙe da ƙyar, ƙafafun baya suna harɗewa, baki a sake. Ya fito ta kafar da ya shiga, amma wani maraƙi ya biyo shi har bakin shingen ya tsaya daidai bayansa.

"Harba mana!" aka yi ta ihu daga baya. "Me kake jira?"

Yatsana yana kan kunamar baya. Raina yana ce mini ja kawai, ai yawancinsu za su same shi. Amma ga maraƙin nan yana kallona da kunnuwa a miƙe, kuma ukun nan da shanun biyu su ne duk abin da ya rage wa tsohon. Na mayar da yatsan kan ta gaba, na jira.

Karen ya tsaya ya kama wani dutse yana gaigaya har muna jin ƙarar haƙora. Sai kawai na ga dattijon ya wuce ni, ya miƙa hannu kamar mai ba da abinci.

"Baffa, dawo!"

Bai ko juyo ba. Ya sake kiran sunan, a hankali ƙwarai. Wallahi na ga wutsiyar karen ta motsa. Ya saki dutsen ya taho, da fari yana tangaɗi, sai kuma ya ƙara sauri. Na yi wuf na sha gaban tsohon, na ture shi baya da gwiwar hannu. Karen ya karkato zai zagaye ni ya isa gare shi, da haka ya bar layin maraƙin, surin ya dawo bayansa. Na bar shi ya zo har ina ganin ƙudan da ke kan raunin wuyansa, sannan na ja. Ya faɗi nan take, bai ko shura ba.

Aka yi ta sambarka daga nesa. Dagaci ya ɗaga hannu ya yi godiya, ya ce Allah ya saka. Kafin in cire kwanson, taron ya fara watsewa. Aka bar mana fartanya ɗaya jingine da tsamiya.

Na sa safar hannu na duba maruƙan ɗaya bayan ɗaya, ban ga cizo ba, amma na ce a ware su a sa musu ido. Na duba hannuwan dattijon har tsakanin yatsu, ba rauni. Sannan muka haƙa rami, ina sara yana kwashe ƙasa da ƙwarya. Ƙa'ida ita ce ramin ya yi zurfin da wata dabba ba za ta tono ba, ƙasar kuwa ta bushe kamar dutse. Da muka gama na ɗauko gwangwanin.

"Baffa, akwai wani abu da doka ta sa ni. Gara ka je ka duba shanunka."

Ya dubi gwangwanin, ya dubi wuƙar da ke hannuna, ya gane. Ya zaga bayan bukka. Ina aikina ina jin muryarsa yana yi wa shanun magana ƙasa-ƙasa, bai daina ba har na rufe ramin.

Sakamako ya dawo daga ɗakin bincike, hauka ne. Tsarin aiki ya ce a koma a duba dabbobin da suka yi cuɗanya da mai ciwon, don haka bayan wasu makonni na sake hawa keke. Tun ban isa ba na hango Baffa Juli tsaye a bakin shinge, ashe ƙarar keken ya ji. Ya shimfiɗa mini buzu. Maruƙan lafiyarsu ƙalau.

"Tun ranar nan ba wanda ya tako nan," ya ce. "Mai sayen nono ma ta daina zuwa. Tsoron wurin suke yi."

Na ce zan yi wa dagaci magana a sanar ba sauran haɗari. Ya gyaɗa kai. Muka zauna, yana zane a ƙasa da tsinke. Ya ce marigayiya ce ta kawo karen yana ɗan kwikwiyo, ta tsince shi a hanyar kasuwa. Ya ce har yanzu in ya tatsi nono yakan rage kaɗan a gindin ƙwarya, sai daga baya ya tuna. Can ya ɗago ya dube ni sosai.

"Ɗana, zan tambaye ka, ka gaya mini tsakani da Allah. Ya ji zafi?"

"Bai ji ba, Baffa. Na duba da idona. Duka taran wuri ɗaya suka shiga, nan bayan kafaɗa, ka ga, tafin hannuna ya rufe su. Ina jin ko ƙarar bai ji ba."

Ya rufe ido ya ce Alhamdu lillahi, ya sake faɗa. Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya yana ɗingishi. Na yi nisa na waiwaya, yana nan tsaye da sandarsa. Na sake waiwayawa, yana nan, har gonaki suka shiga tsakaninmu. Da damina ta faɗi na biyo ta wurin, na tarar bukkar ta rushe, ciyawa ta rufe shingen. Wasu suka ce 'ya'yansa sun zo sun ɗauke shi, wasu suka ce ba su sani ba.

Abin da na koya ke nan, ku da kuke shigowa yanzu. A aikin nan kullum za ku samu masu ce muku ku yi daga nesa, kuma ba mugaye ba ne, tsoro ne ke cin su, suna so a gama. Amma mai harbi daga nesa ba shi ke zaɓar wanda zai samu ba. Sai ka matsa har inda ba wanda zai yarda ya bi ka, sai mai dabbar in yana da zuciya. Shi kuma zai jira har kowa ya watse, sannan ya tambaye ka ko ta sha wuya. Ku yi aikinku yadda in wannan ranar ta zo, ba sai kun yi masa ƙarya ba.