Wakili, Mai Jiran Wanda Zai Sauka a Ƙarshe

Kullum bayan sallar asuba Wakili yakan turo adaidaitarsa bakin tashar Ƙonni, ya goge kujerar baya da tsumma, ya fiddo wani ɗan akwatin katako ya aje a ƙasa wurin takawa. Ba ya shiga kokawar fasinja. In motar Tajaye ko ta Malbaza ta tsaya, samari su yi caa a ƙofa suna fizgar jakunkuna, shi yana gefe yana jiran wanda zai sauka a ƙarshe. Wannan kuwa kullum tsoho ne ko tsohuwa, yana lalube da sanda, yaron mota yana yi masa tsawa.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana haka. Ladar da ya samu a wurin abokan sana'arsa ita ce suna: Hawainiya. Don ba ya gudu, kuma yakan zagaya unguwa guda don ya kauce wa rami ɗaya.

A bakin wannan tasha Hafsatu ta same shi watan azumin bara, ta kawo mahaifinta Malam Sadiƙu daga Tajaye. Yanar ido ta rufe wa tsohon idanu biyu, gwiwoyinsa kuma sun daina lanƙwasa. Lokotoro ya ce sai ya kwana uku a gari: ranar awo, ranar aiki, ranar kwance bandeji. Tun a gida tsohon ya kafa sharaɗinsa. Duk ranar da aka saɓa shi a baya kamar buhun gero, ranar zai koma gida da makantarsa.

Yayanta Saminu, da ke aiki a Malbaza, shi ya kama masu ɗaki ta waya a wani masauki. Mai masaukin ya tambaye shi, na sama ko na ƙasa? Saminu ya ji zafi. A tsammaninsa ɗakin ƙasa ake nufi, na laka, irin wanda suka baro a ƙauye. Ya ce ubansa ya gama kwanan ɗakin ƙasa, a ba shi na sama. Ya bugo wa Hafsatu yana alfahari.

Da suka isa a adaidaitar Wakili, sai ga bene. Matakala goma sha bakwai, an shafe su da karo, wato tayil mai santsi, ba ko ƙarfen riƙewa.

"Ɗakunan ƙasa sun cika," in ji mai masaukin, idonsa a kan wayarsa. "Ku samu ƙarfafa biyu su ɗauke shi. Ai haka ake yi ma kowa."

Malam ya ji. Ya juya sandarsa wajen ƙofa. Hafsatu ta san wannan juyi. Wata huɗu ta yi tana lallashinsa kafin ya yarda ya shiga mota, ga shi kalma ɗaya za ta ɓata komai. Ta tsaya da ƙullin kayansu a kai.

Wakili bai tafi ba. Ba ya tafiya sai ya ga tsoho ya zauna. Ya matso, bai dubi mai masaukin ba, bai dubi Hafsatu ba, ya rage tsawo a gaban tsohon.

"Baba, mi ƙafar taka ka iyawa? Tana ɗaga taki ɗaya?"

"Rabin taki," in ji Malam.

"Tsugunno fa?"

"Wannan mun rabu da shi shekara ukku. Ko gaisawa ba mu yi."

"To ni ma mun fara gaba da shi," in ji Wakili. "Taso mu tai inda ba a neman shi."

Tun da suka baro Tajaye kowa da Hafsatu yake magana: mene ne sunansa, shekararsa nawa, yana ji kuwa? Wakili ne mutum na farko da ya tambayi tsohon da kansa.

Ya kai su gidan wata gwauruwa, Ummul-Khairi, a bayan asibiti. Ɗaki ne na laka sosai, irin wanda Saminu ya raina. Amma dokin ƙofarsa a fashe yake an daidaita shi da ƙasa, makewayi taku shida ne daga ƙofa, a ciki akwai kujerar katako mai huda a tsakiya da igiya a jikin bango. Ummul-Khairi ta ce Wakili ne ya fasa dokin ƙofar da hannunsa, shi ya kawo kujerar. Ta ce gidaje huɗu ya yi wa haka a garin, duk sai da ya yi ta roƙon masu gidajen kafin su yarda.

Kwana uku yana zuwa da hantsi. Ya aje akwatin, Malam ya taka da kansa, ya shiga da kansa. Wakili ba ya kama shi, kafaɗa kawai yake miƙawa, in tsohon ya ga dama ya dafa. A hanya masu babur suna ta oda a bayansu, wani ya leƙo ya ce, "Hawainiya, gawa ka ɗauko ne?" Malam ya ji wannan ma. Wakili bai ƙara gudu ba.

Ranar da aka kwance bandeji, idon dama ya buɗe. Malam ya daɗe yana kallon fuskar direban, sannan ya ce, "Ashe kai ma tsoho ne."

Wakili, kai ne ka san garin nan da gwiwar tsoho. Ka san inda kwata ta buɗe baki, ka san wane buron gwamnati ne ke da matakala biyar, ka san masallacin da ake alwala a zaune. Masu gina benaye ba su tambaye ka ba. Suna ta ɗora hawa kan hawa suna shafa karo, kamar su iyayensu ba za su tsufa ba, kamar su kansu da gudu za su shiga kabari. Kai da ba ka mallaki ko adaidaitar da kake tuƙawa ba, kai ne ka ɗauki abin da gari duka ya yar.

Watan jiya mai adaidaitar ya karɓe abinsa ya ba wani saurayi, wai Wakili ba ya zagayawa da yawa. Ba a tara kowa ba, ba a yi masa ko fatiha a tasha ba. Yanzu Wakili yana gida da ciwon baya, kuma har yau in aka ambace shi a tasha, dariya ake yi.

Mun gode, Wakili. Tsofaffin Tajaye da Tsarnawa da ka sauke ba tare da ka zubar masu da girma ba sun gode. Allah ya ba ka mai miƙa maka kafaɗa. Ku kuma samarin tasha da masu masaukai, ba a ce ku zama shi ba. Ku rage gudu. Ku tambayi tsoho abin da ƙafarsa take iyawa kafin ku ba shi ɗaki.

Lokotoro ya ce a dawo da Malam bayan girbi don idon hagu. Hafsatu ta gaya wa tsohon Wakili ya bar aiki. Ya tambaya ko akwai wani irinsa a tasha. Ta ce tana nema. Ya ce ta huta, ido ɗaya ya ishe shi.