Shuɗin Allo a Benen Mai Shadda

A shekarun ƙarshe na mulkin soja, lokacin da layin motoci a gidan mai ke kwana biyu bai motsa ba, ina aiki ne a wurin wani Alhaji mai sayar da shadda da atamfa a babbar kasuwar Sakkwato. Ba awon yadi nake yi masa ba. Yana da ofis a saman wani bene a Gawon Nama, inda ya ajiye kwamfutoci, ni nake kula da su. Koyarwa nake yi a sakandare kafin nan, na bari na koma wurinsa, domin shi ne mutum na farko da na sani a garin da ya yarda ya ja layin waya saboda imel. Masaƙar da yake saro kaya a wurinta a ƙasar waje ta gaji da aiko masa da samfurin zane ta gidan waya yana ɓata a hanya, suka ce ya nemi imel su riƙa turo masa hotuna.

Ɗaya daga cikin kwamfutocin ita ce uwa. Ita ke buga waya zuwa Legas, da wani kuka nata kamar na zabuwa, in ta samu shiga sauran su sha daga gare ta.

Ina da aboki tun firamare, benci ɗaya muka zauna, kwano ɗaya muka ci. Ya tafi Legas ya yi shekaru, ya dawo da jakar hannu da Turanci mai santsi, yana tallar wata manhaja da ake kira fayawol. Katanga ce ta tsaro: tana zama a bakin ƙofar kwamfuta tana duba duk abin da ke shigowa da fita ta layi. Ni na riƙe hannunsa na hau da shi benen nan. Ni na ce, "Alhaji, mutumina ne, na yarda da shi kamar yadda na yarda da kaina." Ya ɗora katangarsa a kan uwar kwamfutar, aka sha lemo aka watse.

Ba a yi nisa ba ta fara faɗuwa. Ba irin maƙalewar da aka saba ba, wadda za ka rufe abu ɗaya ka ci gaba da aiki. Wannan daga tushe take zubewa, daga can zuciyar tsarin da muke kira kanal. Kana cikin aiki sai allon ya rikiɗe ya zama shuɗi, da fararen rubuce-rubuce, komai ya tsaya cak. Sai ka kashe ka kunna, ka sake buga Legas, ka yi ta jira.

Na fara zargin zafi, don wanda ya san bazarar Sakkwato ba zai ga laifina ba. Na buɗe murfinta na kafa mata fanka. Ta faɗi. Na zargi wutar lantarki, muka sayo sabuwar na'urar daidaita wuta. Ta faɗi. Na ciro sassan cikinta na musanya da na 'yar'uwarta, duk a banza.

Ana haka Alhaji ya yi babbar asara. An turo hotunan zanen da za a buga don Sallah, kwamfutar ta yi ta faɗuwa, bai gani ba balle ya zaɓa, har wani ɗan kasuwa a Kano ya riga shi kama zanen. Ransa ya ɓaci, ya sa aka kira abokina. Ranar ofishin cike yake, da masu jiran aika saƙo da masu zuwa gaisuwa.

Abokina ya duba allon, ya gyara tsayuwa, ya ce, "Alhaji, katangata lahiya lau take. Ka dai tambayi malamin naka irin saƙonnin da shike karɓa daga waɗanda sunka gudu waje suna zagin gwamnati. Irin waɗanga saƙonni da cuta suke zuwa."

Na ɗauka wasa yake yi, har na fara murmushi. Da na dubi fuskarsa sai na ga bai ko kalle ni ba. Iyakar wanda ke rubuto mini daga waje ɗan kawuna ne da ke karatun likita, kuma ba abin da yake tambaya sai lafiyar tsohuwarsa. Abokina ya san haka, domin ya sha karanta saƙon a bayana muna dariyar Hausarsa da ta fara karyewa.

A wancan zamani ba a yin irin wannan magana a cikin taro ta tsaya a nan. Wani daga cikin masu zaman jiran nan ya kai ta inda ya kai. Wata safiya jami'an tsaro biyu cikin kaftani suka hawo benen, suka ce in biyo su, a mota mara lamba.

Ba zan ce an yi mini dukan da ake ba da labari ba. Tambaya ɗaya aka yi ta maimaita mini har na fita daga hayyacina, aka kwantar da ni a kan siminti. Abin da ban manta ba shi ne zuwan mahaifina. Manomi ne a Wamakko, yana fadama yana dashen shinkafa labari ya same shi, ya taho da taɓo a ƙafarsa. Ta wata 'yar taga na hango shi a bakin ƙofa. Mai gadin wurin ya sa shi ya cire hula ya zauna a ƙasa a cikin rana. Akwai inuwar dogon yaro taku kaɗan daga wurin, aka hana shi. Mutumin da a garinmu ba a fara ɗaurin aure sai ya iso, shi ne zaune da furfurarsa a buɗe tun hantsi har la'asar, ana ce masa "kai tsoho, matsa can." Bai ɗaga kai ba. Ni kuwa a wurin tagar nan na ƙudurta abin da na ƙudurta.

Da ba su sami komai ba suka sake ni. Duk tsawon zamana a can kwamfutar ba ta daina faɗuwa ba, ga shi babu ni balle saƙonnina. Alhaji ya aiko a kira ni. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. An yi kuskure. Ka dawo bakin aikinka." Na ce to. Ba don shi na koma ba.

Wannan karon na bi ta a sannu, da sanyin zuciyar da ban san ina da ita ba. Na cire wayar daga jikinta na bar ta tana aiki wuni guda. Ko gezau. Na mayar da layin, na aika gajerun saƙonni na karɓi gajeru. Lafiya lau. Sai na jawo hoton zane mai nauyi. Bai kai rabi ba allon ya yi shuɗi. Na zauna na karanta fararen rubutun nan layi-layi, abin da a da nake kashewa da sauri saboda haushi. A can ƙasa ga sunan abin da ya ja faɗuwar, kuma wani yanki ne na katangar abokina.

Na kashe katangar na sake jawo hoton. Ya sauko tsaf. Na kunna ta na sake. Ta faɗi.

Ban tsaya nan ba, don ina so in san ta ciki da waje. Babban saƙo ba ya tafiya a dunƙule, yayyanka shi ake yi gutsu-gutsu a hanya, a harhaɗa in ya iso. Layinmu na Sakkwato zuwa Legas kuwa tsoho ne mai ƙara, sai wani gutsuren ya riga na gabansa isowa, wani ya zo sau biyu. Katangar takan tara su a cikin kanal don ta duba, in suka zo a hargitse da yawa sai ta zuba su fiye da wurin da aka ware mata, ta taka abin da ba nata ba, gaba ɗaya gidan ya rushe. Na haɗa kwamfutoci biyu da waya a cikin ofis, na riƙa tura mata gutsattsarin da na hargitsa da hannuna. Ta kai na iya kayar da ita duk lokacin da na so. A cikin wannan tono ne kuma na ci karo da bayanin masu ita, inda suka ce ta gwaji ce, ba a gama ta ba, kada a dogara da ita a wurin aiki. Shi kuwa ya ce wa Alhaji gamammiya ce.

Ban faɗa wa kowa ba. Duk ranar da ake jiran hotuna sai in kashe katangar shiru, in sun sauko in mayar. Kwamfutar ta daina faɗuwa. Abokina ya riƙa yawo a kasuwa yana cewa shi ya wanke cutar da aka shigo da ita. In ya hawo benen nakan tashi in ba shi kujera, in tambaye shi iyali. Da farko yana kaffa-kaffa da ni, daga baya ya saki jiki, ya ɗauka tsoro ya gama da ni.

Matata kaɗai ta san abin da na gano. Ta ce, "Malam, ka gaya wa Alhaji mana ka huta. Ka ga yadda ka rame?"

Na ce, "Ba hutu nake nema ba. A cikin taro ya yi mini, a cikin taro zan mayar masa."

Damar ta zo da ƙafarta. Ya roƙi Alhaji ya tara masa manyan 'yan kasuwa a ofishinmu su ga yadda abin ke aiki, don su ma ya ja musu layi ya ɗora musu katanga. Aka sa rana. Ni kuma na rubuta wa magatakardan masaƙar na ce su turo sababbin zanuka da safiyar ranar, manya, masu kyau, don baƙi za su gani. Aikina ne dama, ba wanda zai ce na yi wani abu daban. Abu ɗaya kawai na yi: na bar katangar a kunne, yadda mai ita ya ce a bar ta.

Suka zo, dillalan hatsi da masu yadi da wani dattijo mai safarar fata da kowa ke jin maganarsa. Abokina ya sha babbar riga, yana bayani yana juya hannu. Ya ce yanzu za su ga zane ya taso daga bayan teku ya sauka a Gawon Nama. Hoton ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi, har an fara ganin bakin wani fure. Allon ya yi shuɗi.

Ya yi dariya ya ce wuta ce ta yi rawa. Dattijon ya ɗaga kai ya dubi fankar sama tana juyawa abinta. Aka kunna, aka buga Legas, aka jira. Ta sake faɗuwa a daidai wurin furen nan. Zufa ta jiƙa wuyan rigarsa. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Mutumina, don Allah ka taimake ni."

Na amsa da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ni? Ai ni ne mai shigo da cuta. Kada in taɓa ta in ƙara lalata maka."

Alhaji ya ce, "Malam, mi ka faruwa?"

Na zauna a gaban kwamfutar. Na kashe katangar a kan idonsu, na jawo hoton, ya sauko har ƙasa, shadda ruwan ƙwai mai furanni. Na kunna ta na sake jawowa, ta faɗi. Na nuna musu sunan da ke ƙasan allon, na buɗe bayanin masu ita na karanta na fassara da Hausa, kalma-kalma, ban yi sauri ba. Daga nan na juya ga dattijon na ce, "Baba, saboda wannan abu aka zaunar da mahaifina a rana babu hula."

Alhaji ya daɗe yana kallon abokina, sannan ya ce, "Sauka mini daga bene." Ya tattara jakarsa, takalminsa ɗaya ya zame a matakala, ya dawo ya ɗauka. Na tsaya a sama ina kallonsa har ya fita titi, kuma na ji daɗi, daɗin da ya ratsa ni har ƙafa.

Kafin azahar labarin ya gama kasuwa. Ba wanda ya sake kiransa ko gyaran waya. Ya turo limamin unguwarsu ya ba ni haƙuri. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ni zai fara ba wa haƙuri ba. Sai dai ya tafi Wamakko wurin mahaifina."

Ya kuwa tafi. Na so a ce an bar shi a ƙofar gida ya ɗanɗana rana. Amma mahaifina ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya sa aka dama masa fura, da zai tafi har da ƙullin shinkafa aka ɗora masa a babur. Da na je ranar Juma'a na nuna ɓacin raina, mahaifina, wanda ba ya kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ya ce, "Kai, ni na yahe mai. Abin ya wuce. Kai ma ka bari."

Na ce, "Baba, naka ka yafe. Nawa yana nan."

Na rubuta wa masu manhajar na bayyana musu yadda ake kayar da ita, suka gyara suka turo mini sabuwa, ta zauna daram. Da abokina ya ji, ya tare ni a bakin masallaci bayan la'asar. Ya ce akwai wani ƙaramin ofis guda da ya rage masa, can ma tana faɗuwa, in taimaka masa da gyararriyar ko a faifai ne. Faifan yana cikin aljihuna a lokacin. Na ce masa ya nema a Legas, na sa takalmina na wuce.